Agustin na Hippo, Mutumin da Ya San Yana Mafarki

Kafin a shiga wannan labari, yana da kyau jama'a su buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 3, su karanta daga aya 4 zuwa 15 tare, gama za mu komo kan Sulemanu da mafarkinsa kafin mu gama.

A ƙasarmu ba a raina mafarki. Ko a Mashegu, ko a Kontagora, ko a ƙauyukan da ke tsakaninsu, in gari ya waye a kan ji tsohuwa tana ba 'ya'yanta labarin abin da ta gani da dare, wani kuwa ya kan fasa cin kasuwa domin ya yi mugun mafarki. Maƙwabtanmu Musulmi suna da littattafan fassarar mafarki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa, kakan Umaru Nagwamatse wanda ya kafa Kontagora, ya rubuta labarin wahayin da ya gani a 1794 yana da shekara 40, wanda ya ƙarfafa shi ga aikin da ya sa gaba. Mu ma a cikin ikkilisiya ba mu rasa masu sammako zuwa gidan fasto ko na dattijo da mafarki a bakinsu. Amma akwai wani irin mafarki wanda ba a cika zancensa ba, ko da ya ke da yawa cikinmu sun taɓa yinsa. Watau mutum yana tsakiyar mafarki, sai ya gane cewa mafarki ya ke yi, bai kuwa farka ba. Jikinsa yana kwance a kan tabarma, mafarkin yana ci gaba, shi kuma yana sane.

Mutumin da za mu ba da labarinsa ya san irin wannan mafarki domin ya same shi, ya kuma rubuta shi tun shekara 1,600 da suka wuce. Sunansa Agustin, bishop na Hippo. Ɗan Afirka ne, a Afirka aka haife shi, a nan ya yi aikinsa, a nan ya mutu.

An haife shi ran 13 ga Nuwamba, 354, a Tagaste, wani ƙaramin gari cikin tuddan ƙasar Numidiya, wanda a ke kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya ta yanzu. A zamanin nan arewacin Afirka yana hannun Romawa. Ƙasa ce ta alkama da zaitun, Latin kuma shi ne harshen makaranta da na shari'a. Ubansa, Patrisiyus, yana da 'yan gonaki, yana cikin majalisar gari, mutum ne mai saurin fushi, bai kuwa ba da gaskiya ba sai dab da mutuwarsa. Uwarsa Monika Kirista ce tun tana yarinya. Iyayen nan biyu sun sha bamban a kan abu da yawa, amma bakinsu ɗaya a kan karatun yaron. Suka tura shi makaranta a garin Madaura. Kuɗi ya ƙare, ya komo gida yana da shekara 16, ya yi shekara guda yana zaman banza tare da samarin unguwa, har wata rana da dare suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani maƙwabci suka zuba wa aladu, ba domin yunwa ba. Daga baya wani attajirin garin, Romaniyanus, ya taimaka da kuɗi, aka kai shi Kartaj, babban birnin da kufansa ke kusa da Tunis.

A Kartaj ya koyi sana'ar iya magana, wadda ita ce ƙofar samun muƙami a wurin Romawa. Ya ajiye wata mace ba tare da aure ba, ta haifa masa ɗa wajen 372, aka sa masa suna Adeyodatus, kamar mu ce Kyauta. Yana da shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisaro, masanin Roma, ƙishin hikima ya kama shi. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ga harshensa bai kai na Sisaro daɗi ba, sai ya rufe. Ya shiga mabiyan Mani, wani malami da ya tashi a ƙasar Farisa, masu koyar da cewa haske da duhu iko biyu ne tun fil'azal, muguntar da mutum ke yi kuwa duhun da ke cikinsa ne ke yinta, shi ba ruwansa. Koyarwa ce mai daɗi ga saurayin da ba ya son a ba shi laifi. Mu riƙe wannan a zuciya, gama tambayar nan, wato wane ne ke aikata abin da ya auku a cikin mutum, za ta bi shi har tsufansa, har cikin barcinsa.

Sa'ad da ya komo Tagaste yana koyarwa, Monika ta ƙi zama da shi gida ɗaya, ta ƙi cin abinci tare da shi. Tana cikin kuka dare da rana sai ta yi mafarki. Ta ga kanta tsaye a kan wani miƙaƙƙen katako irin na awo, sai ga wani saurayi mai haske, fuskarsa a sake, ya tambaye ta dalilin baƙin cikinta. Ta gaya masa ɗanta ne ya ɓata. Ya umarce ta ta kwantar da hankalinta ta duba, gama inda ta ke nan ɗanta ya ke. Ta waiga, sai ga Agustin tsaye kusa da ita a kan katakon nan. Saboda wannan mafarki ta yarda ya komo gida. Da ta ba shi labari, shi da ya ke gwanin juya magana ne, sai ya fassara mata cewa ita ce za ta bi shi zuwa addinin Mani. Nan take ta ƙi, ta nuna masa ba a ce za ta koma inda ya ke ba, shi aka ce zai kasance inda ta ke. Agustin ya rubuta daga baya cewa amsar nan ta taɓa shi fiye da mafarkin kansa, domin uwarsa ta ga abin da shi, mai ilimin, bai lura da shi ba sai da ta faɗa. Duk da haka bai tuba ba. Kusan shekara 9 suka ƙara wucewa. In muka duba da kyau, Monika ce mafarkin ya yi wa aiki: ya sa ta buɗe ƙofar gidanta, ya sa ba ta gaji da addu'a ba.

A 383 ya ƙudura zuwa Roma. Uwarsa ta bi shi har bakin teku tana roƙo, ya ruɗe ta da cewa wani aboki ya ke rakiya, ya bar ta ta kwana a wani ɗakin addu'a kusa da tashar jirgi, da dare ya shiga jirgi ya tafi. A Roma ya yi ciwo kamar zai mutu, ɗalibansa kuma su kan gudu in lokacin biyan kuɗi ya yi. A 384 ya sami babban aikin koyar da iya magana a Milan, inda fadar sarki ta ke. Can ya fara zuwa sauraron wa'azin bishop Ambros, da fari domin ya auna gwanintarsa kawai, sannu a hankali ma'anar maganar ta shiga. Monika ta ƙetare teku ta iske shi can.

A Milan ne wani abu ya auku wanda ya nuna mana irin hankalin matar nan. Ta matsa a yi wa ɗanta aure na mutunci, shi kuma ya roƙe ta ta nemi Allah ya nuna mata wani abu a mafarki a kan auren. Ta yi ta roƙo, ta kuwa ga waɗansu abubuwa, amma ta ba da labarinsu da rainawa, ba ta dogara gare su ba. Ta ce akwai wani ɗanɗano, wanda ba ta iya bayyana shi da baki ba, da ta kan bambanta abin da Allah ya nuna mata da abin da zuciyarta ta ƙaga saboda yawan tunani. Macen da ta taɓa samun mafarki na gaskiya ba ta ɗauki kowane mafarki nata wahayi ba. Auren nan dai bai yi albarka ba tun daga tushe. Aka kori uwar Adeyodatus bayan zaman shekara wajen 15, ta koma Afirka ta bar ɗanta, ta yi wa'adi ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Yarinyar da aka yi wa Agustin baiko saura shekara 2 ta isa aure, shi kuwa bai iya jira ba, ya ɗauko wata mace. Ba mu ga abin yabo a nan ba, ko ga ɗan, ko ga uwar. Agustin kansa ya shaida cewa matar da aka kora ta fi shi ƙarfin hali.

Cikin damina ta 386, a wani lambu a Milan, yana kwance ƙarƙashin itacen ɓaure yana kuka saboda ya kasa rabuwa da tsohon halinsa, sai ya ji muryar yaro daga gidan maƙwabta tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya tashi ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa 13, aya 13 da 14. Bai ƙara gaba ba, shakkarsa ta ƙare. Idonsa biyu, da rana tsaka, da littafi a hannu, haka babban juyin ransa ya zo. Ambros ya yi masa baftisma a daren Idin Tashin Ubangiji, tsakanin 24 da 25 ga Afrilu, 387, tare da ɗansa da abokinsa Alipiyus. A cikin wannan shekara Monika ta rasu a Ostiya, tashar jirgin Roma, suna shirin komawa gida, tana da shekara 56. Ya komo Afirka a 388, ba da daɗewa ba ɗansa ya mutu. A 391 ya kai ziyara Hippo, birnin bakin teku wanda a ke kira Annaba yanzu, jama'ar ikkilisiya suka kama shi a tsakiyar sujada suka kai shi gaban tsohon bishop Baleriyus domin a naɗa shi, yana ta hawaye. Wajen 395 ya zama bishop, ya zauna a Hippo har mutuwarsa, yana wa'azi, yana rubutu, yana yi wa mutane shari'a a kan gādo da gona da bashi, wata rana har lokacin cin abinci ya wuce.

To, a nan ne labarin ya komo kan mafarki. Wajen 397 ya fara rubuta littafinsa da ya fi suna, Confessiones, watau furci, inda ya ke furta zunubansa da alherin Allah. A kashi na 10 ya bar labarin dā, ya shiga binciken kansa yadda ya ke a lokacin. Ga bishop, shekara 10 da baftisma, ya rabu da mata sam. Amma ya furta a fili cewa siffofin abin da ya saba yi a dā suna nan a cikin tunaninsa. Da rana su kan zo masa ba ƙarfi. Da dare kuwa, cikin barci, su kan rinjaye shi har ya yarda da su, kamar ya aikata. Ya tambayi Allah ko a sa'an nan ba shi ba ne, ina kuma hankalin da ya kan tsare shi da rana ya ke tafiya, ko ya kan rufe tare da idanu. Mutum nawa ne cikin shugabanninmu zai iya rubuta irin wannan a kan kansa, ya bar jama'arsa su karanta?

Da yana bin Mani har yanzu, da amsar ta yi sauƙi, sai ya ɗora wa duhu. Amma ya lura da wani abu wanda ya hana shi wannan mafita. Ya ga sau da yawa, cikin barcin ma, mutum ya kan tuna da wa'adinsa ya ƙi yarda. Ashe hankali ba ya mutuwa ɗungum da dare, wani lokaci yana nan, wani lokaci ba ya nan. Saboda haka ya riƙe abu biyu tare. In ya farka lamirinsa ya kan kwanta, gama ya san bai aikata ba. Amma ya kan yi baƙin ciki cewa abin ya auku a cikinsa, ya ɗauke shi shaidar cewa warkewarsa ba ta cika ba tukuna, ya roƙi Allah ya ƙara masa alheri har ransa ya bi shi ko a cikin barci. A ganinmu wannan hanya ta fi ta masu tashi da firgita suna neman a yi musu addu'ar tsarkakewa kowace safiya, ta kuma fi ta masu cewa mafarki iska ne kawai.

Wajen 415 ya gama wani dogon littafi a kan surorin farko na Farawa. A kashi na 12, inda ya ke binciken yadda aka ɗauki Bulus zuwa sama ta uku, ya ba da labarin abin da ya same shi. Ya ce ya taɓa yin mafarki yana sane cewa mafarki ya ke yi, yana barci amma ya tabbata siffofin da ya ke gani ba jikuna na gaske ba ne, bai kuwa yi shakka wannan ya kan sami waɗansu ba. Sa'an nan ya ƙara wani abu mai ban dariya a kan kansa. A cikin mafarkin ya ga wani abokinsa, sai ya shiga ƙoƙarin rinjayar abokin ya yarda cewa duk abin da su ke gani mafarki ne. Har ya gaya masa cewa zancen da su ke yi ba na gaske ba ne, abokin yana can yana barcinsa bai san kome ba. Amma fa, in ya tabbata abokin siffa ce kawai, don me ya ke ɓata bakinsa a kanta? Agustin ya gane cewa saninsa rabi ne. Ya farka cikin mafarkin ta wani gefe, ta wani gefe kuwa yana ruɗe. Wanda ya gane ruɗu ɗaya ya kan ɗauka ya gane duka, a barci ko a farke, alhali akwai wani aboki tsaye kusa da shi wanda bai taɓa tuhumarsa ba.

A cikin kashin nan kuma ya kawo Sulemanu. Mun karanta yadda Ubangiji ya bayyana gare shi da dare a Gibeyon, ya ba shi zaɓi, shi kuma ya roƙi hikima ya bar tsawon rai da dukiya da ran maƙiyansa. Aya 15 ta nuna mana sai da ya farka ya ga ashe mafarki ne. Watau yana barci ya yi zaɓin nan, Allah kuwa ya karɓe shi. Agustin ya fassara wannan da cewa in zuciya ta saba da muradi mai kyau da rana, halin nan ya kan bayyana har a cikin barci. Sulemanu bai koyi ƙaunar hikima a daren Gibeyon ba, abin da ke cikinsa ne ya fito sa'ad da ba mai ganinsa, ba kuma lokacin shirya amsa. Ko manomi ya sani, abin da aka zuba a rumbu da kaka shi a ke ɗebowa da bazara. Ya kamata jama'a su tsaya a nan su tambayi juna, in an ba kowannenmu zaɓin nan yana barci, me bakinsa zai roƙa.

A wajen wannan lokaci abokinsa Ebodiyus, bishop na Uzalis, ya rubuto masa yana cikin juyayi. Wani saurayi mai yi masa aikin rubutu ya mutu yana da shekara 22, mutane kuma suna ganinsa a mafarki. Cikin amsarsa Agustin ya ba da labarin wani likita da su duka biyu suka sani, Jannadiyus, wanda ya yi aiki a Roma, sa'an nan ya zauna a Kartaj, mutum mai yawan kyauta ga matalauta. Sa'ad da Jannadiyus ke saurayi shakka ta kama shi ko akwai rai bayan mutuwa. Wata rana da dare ya ga wani saurayi ya kira shi ya bi shi zuwa wani birni, ya ji waƙa mai daɗin da bai taɓa jin irinta ba, aka gaya masa waƙar tsarkaka ce. Ya farka, ya ɗauke shi mafarki kawai. Wani dare saurayin ya komo, ya tambaye shi ko ya gane shi, a ina kuma ya san shi. Jannadiyus ya ba da labarin birnin da waƙar. Saurayin ya tambaya ko a farke ya ga waɗannan ko a barci, ya amsa a barci ne. Sai saurayin ya sanar da shi cewa yanzu ma barci ya ke yi. Ya tambaye shi inda jikinsa ya ke, ya ce a ɗakin kwanansa. Ya tambaye shi ko ya san idanun jikin nan a rufe su ke, ba sa ganin kome, ya ce ya sani. To, da waɗanne idanu ya ke ganinsa? Likita ya rasa amsa. Saurayin ya bayyana masa cewa kamar yadda ya ke gani yanzu ba da idon jiki ba, haka bayan mutuwa zai kasance da rai da gani. Daga ranar shakkarsa ta tafi. Mu lura ba a nuna wa likitan nan wata mu'ujiza a dare na biyu ba. Tambayoyi aka yi masa, ɗaya bayan ɗaya, har ya yi tunani sosai yana barci.

Masu binciken barci su kan lissafta wasiƙar nan cikin labarai mafi daɗewa a kan irin wannan mafarki. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa masa sunan da masana ke kiransa da shi, a 1913, amma an daɗe ana gardama ko mai yinsa farkawa ya ke yi na ɗan lokaci bai sani ba. A 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, wani mai bincike, Keith Hearne, ya sami hanyar gwadawa. A lokacin mafarki gaɓoɓin jiki su kan saki, amma ƙwayar ido tana motsi. Sai ya yi alkawari da wani mutum cewa in ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama yadda suka shirya. Na'ura ta nuna mutumin yana barci sosai, ta kuma rubuta alamar idon. Bayan 'yan shekaru Stephen LaBerge ya sami irin wannan sakamako a Jami'ar Stanford ta Amurka. Ashe tsohon bishop gaskiya ya faɗa. Abu ne na halittar ɗan adam, ya kan sami mai bi da marar bi, ba alamar tsarki ba ne, ba kuma alamar maita ba.

Zancen maita ya kai mu ga abin da mu ke gani ya fi muhimmanci ga ikkilisiyoyinmu. Wajen 421 Agustin ya rubuta wani ɗan littafi a kan kula da matattu, amsa ga tambayar bishop Paulinus na Nola a Italiya. A ciki ya ba da labarin wani tsohon ɗalibinsa, Yulojiyus, mai koyarwa a Kartaj. Wata rana Yulojiyus yana shirya darasin gobe daga wani littafin Sisaro, ya iske wani wuri mai wuya, ya kasa ganewa, har da ƙyar barci ya ɗauke shi. Cikin mafarki sai ga Agustin ya zo ya bayyana masa wurin. Amma a daren nan Agustin yana Milan, hayin teku, bai san damuwar ɗalibinsa ba, bai ma ji labarin ba sai da ya komo Afirka. Daga wannan ya yanke cewa wanda aka gani a mafarki siffarsa ce aka gani, shi mutumin bai je ba, bai sani ba. In haka ya ke ga masu rai, haka ya ke ga matattu. Ya kawo wata shaida mai taɓa zuciya: da matattu suna iya zuwa wurin masu rai yadda suka ga dama, da uwarsa, wadda ta bi shi ta ƙasa da ta teku, ba za ta bar dare ɗaya ya wuce ba ta zo wurinsa ba.

Mu kuwa mun san abin da rashin wannan sani ya ke jawowa. Yaro mai zazzaɓi ya ga wata tsohuwa tana binsa cikin barci, gari na wayewa an kira ta mayya, zumunci ya ɓaci, wani lokaci har a kore ta daga gidan da ta tsufa a ciki. Mace ta ga kishiyarta tana ba ta abinci a mafarki, daga ranar ba gaisuwa. Tsohuwar nan tana ɗakinta tana barcinta, kamar yadda Agustin ke Milan. Mai mafarkin ne ya kwanta da tsoro, ko da ƙiyayya, ko da zafin jiki, zuciyarsa ta ɗauko fuskar da ta sani ta sa wa abin. Ba shari'ar da ta isa a yanke wa mutum bisa ga shaidar mafarki. In akwai wanda mafarkin ya tona, mai yinsa ne, shi ya kamata ya zauna ya bincika me ya ke riƙe da shi game da wannan mutum.

Kada a ɗauka Agustin ya ƙi cewa Allah yana magana ta mafarki. Mai karanta labarin Yusufu ɗan Yakubu, da Daniyel, da Yusufu mijin Maryamu ba zai iya ƙi ba, balle ɗan Monika. Amma bai gina koyarwa a kan mafarki ba, bai kuma nemi mafarki domin ya san abin da zai yi gobe ba. Ba za mu ɓoye ba kuma cewa mutumin da ya iya binciken kansa haka ya kasa ganin waɗansu kurakuransa. A gardamarsa da Donatawa, ɓangaren ikkilisiyar Afirka da ya ware, ya yarda hukuma ta tilasta musu komowa, waɗanda suka zo bayansa kuwa suka fake da maganarsa suka yi zalunci mai yawa. A nan ma saninsa rabi ne. A ƙarshen ransa, wajen 426 da 427, bayan ya gama babban littafinsa Birnin Allah, ya zauna ya bi littattafansa 93 ɗaya ɗaya yana gyara abin da ya ga ya faɗa ba daidai ba.

A 429 Bandalawa, wata kabila daga Turai, suka ƙetaro daga Sifen ƙarƙashin sarkinsu Janserik, suna ƙone garuruwa, a 430 suka kewaye Hippo. Cikin wata na uku na kewayewar zazzaɓi ya kwantar da Agustin. Abokinsa Posidiyus, wanda ke tare da shi, ya kuma rubuta tarihinsa, ya ce wani mutum ya kawo masa majiyyaci domin ya ɗora masa hannu. Agustin ya amsa da cewa da yana da irin wannan iko da kansa zai fara yi wa. Mutumin ya ce a mafarki aka umarce shi ya zo. Da jin haka bai ƙara musu ba, ya ɗora hannu, majiyyacin ya tafi da lafiya. Sa'an nan ya sa aka rubuta Zaburan tuba na Dawuda a kan takardu aka manna su a bango daura da gadonsa. Kwana 10 kafin mutuwarsa ya roƙa kada kowa ya shigo sai a lokacin likita da na abinci, ya zauna shi kaɗai yana karanta su yana kuka. Ya rasu ran 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75, hankalinsa da ganinsa da jinsa duka garau. Bai bar wasiyya ba, gama ba shi da abin da zai raba, sai dai ya sha yin umarni a tsare ɗakin littattafan ikkilisiya domin masu zuwa.